Gyaran tsohon rumbu da rumfar dirkoki a kudancin Kano

Gyaran tsohon rumbu da rumfar dirkoki aiki ne da manoma suke yi da rani domin ma'ajiyar hatsi da ta abincin dabbobi ta sake ɗaukar kaya ba tare da an rushe ta an yi sabuwa ba. Dirka ita ce itace mai kauri, mai gwafa a kai, wadda ake haƙa rami a kafa, sannan a ɗora wasu itatuwan a gicciye cikin gwafar. Duk ginin da nauyinsa yake kan dirkoki maimakon bango, ko rumbun kara ne, ko rumfar harawa, ko rumfar shanya masara, hanyar gyaransa kusan ɗaya ce. A ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suke kudancin Jihar Kano, irin wannan gini yakan lalace ta wuri biyu, wato gindin dirka da rufi, alhali itatuwan tsakiya suna nan da ƙarfinsu. Aikin mai gyara shi ne ya sabunta waɗannan wurare biyu, ya bar tsohon itacen da yake lafiya, domin irinsa ya yi wuyar samu a yanzu.

Yankin da yanayinsa

Ƙananan hukumomin huɗu suna bin juna daga hanyar Kano zuwa Zariya har kan iyakar Jihar Kaduna. Daga Kwanar Ɗangora hanya take ratsewa ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta shiga Doguwa ta nufi Jos. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana cikin ƙasar Bebeji. Doguwa, mai hedikwata a Riruwai, tana da faɗin murabba'in kilomita 1,473, kuma ita ce ƙarshen jihar ta kudu, ƙasa mai duwatsu da tuddai.

Nan ne ɓangaren Kano da ya fi samun ruwan sama. A ƙarshen kudu ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, damina kuma tana riga ta birnin Kano sauka, tana kuma jinkirin ɗaukewa. Wannan ne ya sa masara, dawa, shinkafa, waken suya da rake suke yi sosai, shi ne kuma ya sa gindin itace yake daɗewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa fiye da yadda yake daɗewa a Ɗambatta ko Bichi. Dirkar da za ta yi shekaru masu yawa a yashin arewacin jihar tana iya gajiya da wuri a jar ƙasar kudu mai riƙe ruwa. Akwai kuma matsalar girbi: masara takan nuna tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, don haka manomin yankin yana buƙatar wurin da iska za ta ratsa amfaninsa yana ƙarƙashin rufi.

Ire-iren ginin

Rumbu shi ne mafi sani. Ana kafa gajerun dirkoki, ko a jera manyan duwatsu, a shimfiɗa itatuwa a kansu, a kewaye da zana ko karan dawa, a ɗaure da tanka, a kifa masa rufin ciyawa mai tsini. A ciki ake jera damman dawa da na gero ba tare da an sussuke ba. Rufewa kuwa da yumɓu ake gina ta, gyaranta aikin magini ne, sai dai ita ma a kan duwatsu da itatuwa take zaune, kuma abin da ya shafi gindin rumbu ya shafe ta.

Rumfar dirkoki ta fi rumbu tsawo da faɗi. Dirkokinta sukan wuce tsayin mutum, a samanta ake tara harawar wake da ta gyaɗa da karmami, a ƙarƙashinta kuma ake kafa turakun awaki, tumaki ko shanun huɗa. Na uku shi ne rumbun masara mai siffar akwati, dogo siriri, mai bangon gora ko waya, wanda malaman gona da cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI suka daɗe suna koyarwa. Sirantarsa ita ce amfaninsa, domin iska ta ratsa masarar daga gefe zuwa gefe.

Inda lalacewa take farawa

Dirka ba ta ruɓewa ko'ina lokaci ɗaya. Ɓangaren da yake sama a iska busasshe ne, kuma itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa. Ɓangaren da yake can ƙasan rami yana da danshi amma iska ba ta isar masa sosai. Wurin da danshi da iska suka haɗu shi ne daidai bakin ƙasa, daga ɗan sama da ita zuwa kamar taƙi ɗaya ko biyu a ƙasa. A nan ne ruɓa take cin itacen, a nan ne kuma gara take shiga. Shi ya sa ake ganin dirka tsaye ƙyam, kanta da ƙarfi kamar ƙarfe, amma da an girgiza ta sai ta karye a gindi.

Gara tana da wayo wajen ɓoye aikinta. Takan cinye ciki ta bar baya, ko ta gina siririyar hanyar ƙasa a jikin dirkar ta hau har kan shimfiɗar rumbu, daga nan ta shiga karan dami. A rumfar dabbobi akwai ƙarin dalili: fitsari da kashi suna riƙe danshi a gindin dirka ko da rani, dabbobin kuma suna goga jiki suna sassauta ta.

Nauyin da waɗannan itatuwa suke ɗauke da shi ya fi yadda ido yake ƙiyastawa. Rumbu mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2 yana da ciki fiye da kubik mita 6. Idan aka cika shi da tsabar masara, wadda kubik mita ɗaya nata yake kai kilo 700 da ɗoriya, nauyin ya haura tan 4, wato buhu 40 da wani abu. Dammai ba su kai haka nauyi ba saboda kara da iskar da take tsakaninsu, amma lissafin yana nuna abin da ake magana. In dirkoki tara ne suke ƙarƙashi, kowace tana ɗauke da kusan rabin tan. Ɗaya ta gaza, kasonta ya koma kan na kusa da ita, su ma shekarunsu ɗaya da ita. Rumbun sai ya karkata, bango ya buɗe ta gefe, rufi ya zame, ruwa ya samu hanya. Yawanci wannan yana faruwa ne a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta yi laushi kuma hatsin da ya rage shi ne abincin gida har kaka, a daidai lokacin da ya fi tsada a kasuwa.

Dubawa kafin a taɓa komai

Lokacin gyara shi ne tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, sa'ad da kayan ciki suka ragu, ƙasa ta bushe, kuma ciyawar jinka tana nan. Ana fara da kwashe abin da yake ciki duka. Ba a ɗaga rumbu da kaya a ciki, ba a kuma shiga ƙarƙashinsa.

Daga nan sai a tone gindin kowace dirka kamar zurfin taƙi biyu. A soka wuƙa ko babbar ƙusa: in ta shige da sauƙi, itacen ya tafi. A buga da bayan gatari a saurara, domin lafiyayyen itace yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta rarake kuwa yana ƙara kamar ganga. A duba gwafa, musamman inda ruwa yake kwanciya a cikinta, a ga ko ta tsage. A duba ƙasan itatuwan gicciye ko akwai garin itace yana zubowa daga ƙananan ramuka, alamar ƙwaro mai huda itace. Wannan alama ta ƙarshe ba abin rainawa ba ce a rumbun masara. Akwai wani ƙwaro da ake kira Prostephanus truncatus a kimiyyance, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya, wanda aka fara gani a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga baya ya iso Najeriya. Yana huda masara tun tana jikin totuwa, yana kuma iya ɓuya cikin itacen rumbu ya jira sabon girbi. Itacen da ya cika da irin waɗannan ramuka a rumbun masara, ƙona shi ya fi mayar da shi.

Bayan dubawa ne ake yanke shawara. Ƙa'idar da hankali yake bayarwa ita ce, in dirkoki ƙalilan ne suka lalace kuma itatuwan gicciye suna lafiya, a gyara. In fiye da rabi sun tafi, ya fi sauƙi a sauke ginin gaba ɗaya, a ware itatuwan kirki, a sake kafawa a kan sabon gindi.

Sauya dirka

Dirka ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ana kawo itatuwa biyu masu ƙarfi a tokare itacen gicciye ta dama da hagu na dirkar da za a cire, a ɗora gindin kowane a kan faffaɗan dutse ko katako don kada ya nutse. Sai a ɗaga kaɗan, iyakar yadda gwafar za ta saki. A da da doguwar sanda da dutse ake bankarawa, yanzu kuwa jak ɗin mota ya sauƙaƙa aikin, sai dai jak na ɗagawa ne kawai. Da zarar an ɗaga sai a cusa madogari, kada a bar nauyi a kan jak ana aiki a ƙasa. In ginin ya karkata, ana ɗaura igiya a sama a ja shi a hankali zuwa daidai, kuma wanda ya daɗe a karkace ba a miƙe shi da ƙarfi a ja ɗaya, domin ɗaurin da ya saba da karkatar zai tsinke.

Akwai hanyoyi uku na magance gindin da ya ruɓe. Ta farko ita ce a cire dirkar a kafa sabuwa a ramin. Ana kwashe tsohuwar ƙasar da ɓurɓushin itace duka, domin su ne abincin gara, a sa dutse ko tsakuwa a ƙasan rami, a kafa, a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa da taɓarya har ta cika, a tara ta ta yi tudu yadda ruwa zai gangara nesa da itacen. Dirkar doguwar rumfa tana son rami mai zurfin rabin mita ko fiye, saboda ita ba nauyi kaɗai take ɗauka ba, har da turin iskar bazara.

Ta biyu ita ce a yi wa tsohuwar dirka ƙanwa: a kafa gajeren itace mai ƙarfi a jikinta, a haɗa su da dogayen kusoshi masu noti ko waya mai kauri a wuri biyu aƙalla, sama da inda ruɓar ta tsaya. Wannan hanya ba ta da tsada, kuma tana ceton dirkar ƙirya ko marke wadda samanta ba shi da aibi.

Ta uku, wadda ta fi ɗorewa, ita ce a yanke ruɓaɓɓen gindin, a gina ɗan ginshiƙi na dutse ko siminti da ya ɗaga sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya ko biyu, a zaunar da dirkar a kai, a kama ta da ƙarfen da aka dasa cikin simintin. Itacen ya rabu da ƙasa ke nan, hanyar gara kuma ta fito fili inda za a gan ta a kankare. A Doguwa da Tudun Wada, inda dutse yake ko'ina, wannan ba sabon abu ba ne, domin ɗora rumbu a kan duwatsu tsohuwar al'ada ce. Abin lura shi ne dirkar da aka raba da ƙasa ba ta da ƙarfin tsayawa ita kaɗai, don haka doguwar rumfa tana buƙatar itatuwan tokara a karkace a kusurwoyinta, in ba haka ba guguwar farkon damina za ta kwantar da ita.

Kuskuren da ya yawaita shi ne zuba siminti a kewaye gindin itace a cikin rami, a shafe har ƙasansa. Itace yana kumbura da damina yana tsukewa da rani, sai rata ta buɗe tsakaninsa da simintin, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Dirkar tana zaune cikin kofin ruwa ke nan, ta kuma fi saurin ruɓewa.

Itace

Ƙirya ce kan gaba wajen jure ƙasa da gara, sai marke da kanya. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa ta zama ƙashin bayan rufin soro a ƙasar Hausa, kuma tana kyau a matsayin itacen gicciye muddin ba a ba ta tazara mai yawa ba. Magina sukan tsaya a kusan mita 1.8 tsakanin madogari da madogari. A kowane itace, jan cikin ne mai ƙarfi. Farin da yake ƙarƙashin ɓawo shi ne gara da ƙwaro suke fara ci, saboda haka siririn itace matashi, wanda kusan dukansa fari ne, ba ya daɗewa ko da sunansa marke.

Samun waɗannan itatuwa shi ne ya yi wahala. Gonaki sun cinye daji, masu gawayi kuma ƙirya suka fi nema saboda gawayinta ne maƙera suke so. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, keɓaɓɓe ne tun zamanin Turawa a shekarun 1940, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960, kuma sare itace a cikinsa laifi ne. Abin da ya rage a kasuwa galibi turare ne da darbejiya da gora. Turare miƙaƙƙe ne, yana da araha, amma matashinsa ba ya jure ƙasa, ya fi dacewa da sama. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar dirkar da kakan mutum ya kafa, in an yanke mata taƙi biyu na gindi, sau da yawa ta fi sabuwar da za a sayo. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya barin a kai irinta murhu. In ta gajarta ga rumfa sai ta koma ƙarƙashin rumbu, in ta gajarta ga rumbu ta zama turke.

Sabon itace ana ɓare masa ɓawo a bar shi ya bushe a inuwa kafin a kafa. Wasu sukan babbake gindin, wasu su shafa baƙin mai ko kwalta, wasu su zuba toka a rami. Duk suna ɗan jinkirta ɓarna, babu wanda yake hana ta. Baƙin mai kuma guba ne, a gindi kaɗai ya kamata ya tsaya, kada ya taɓa shimfiɗar da hatsi ko harawa za su hau.

Rufi da bango

Rufin ciyawa yana fara mutuwa ne ta tsininsa da kuma inda igiya ta ruɓe. In tsaikon yana lafiya, ana sauke shi ƙasa, a cire bunu, a sake ɗaure tanka da igiyar rama ko ta kalgo, a yanta sabuwar ciyawa, a baibaye daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasansa. Abu biyu ne suke sa jinka ta yi aiki: ta yi tsini sosai yadda ruwa zai gudu kafin ya jiƙa ta, bakinta kuma ya zarce bango da nisa yadda ruwan zai zuba nesa da dirkoki. Rufin da bakinsa ya gajarta shi ne yake kashe gindin da aka gama gyarawa.

Da yawa yanzu suna komawa kwano, musamman a rumfa. Kwano yana hutar da mutum daga neman ciyawa, wadda ita ma ta yi ƙaranci saboda kiwo da ƙunar daji, amma yana da nasa sharaɗi. Ba shi da nauyi, iska tana shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga, don haka sai an ɗaure katakon rufin da dirkoki da waya ko langa-langa, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Yana kuma zafi da rana ya yi raɓa da dare, saboda haka ana barin tazara tsakaninsa da hatsi. Bangon zana na gamba ko na kara sauya shi ake yi gaba ɗaya, ba a faci, tsohon kuma a ƙona shi nesa da rumbu saboda ƙwarin bara.

Ɓera, danshi da wuta

Tunda an riga an ɗaga ginin, lokacin ne ya dace a sa masa maganin ɓera. Ana yanka kwano a naɗa shi a wuyan kowace dirka kamar malafa mai kallon ƙasa. Wannan yana aiki ne idan shimfiɗar ta yi nisa da ƙasa kamar mita ɗaya, kuma babu reshe, danga ko tsani da aka jingina wanda ɓera zai bi ya tsallake. Ƙarƙashin rumbu a share yake son zama, ba wurin ajiye itacen girki ba ne.

Gyara ba ya maye gurbin shanya. Tsabar masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin 100. In aka rufe ta da danshi takan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana haifar da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhuna ba ta da amfani a rumbun kara, domin iskar gubar fita take yi, kuma haɗari ce kusa da ɗakin kwana. Wake, wanda ƙwaro ya fi addaba, ya koma buhunan PICS marasa shan iska, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Game da wuta kuwa, rumfar harawa da rumbun ciyawa ba sa son maƙwabtaka da madafa, kuma waɗanda suke bayan gari ana nome kewayensu kafin hunturu.

Makamancinsa a Amurka

Manoman Amurka suna da irin wannan gini, babbar rumfa mai rufin kwano da aka ɗora a kan turakun da aka binne. Ya yaɗu ne a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, sa'ad da manoma suka riƙa amfani da tsofaffin turakun waya saboda araha. Nasu ya fi girma nesa ba kusa ba, amma ciwonsa ɗaya ne da na rumfar Ƙiru: turken yana ruɓewa a bakin ƙasa. Maganinsu ma ɗaya ne, ko a haɗa masa sabon itace a gefe, ko a yanke gindin a zaunar da shi a kan siminti da ƙarfe. Bambancin shi ne su itacen da aka dafa da magani suke kafawa. Tsofaffin turakun lantarki da ake samu a Najeriya ma haka suke, suna daɗewa a ƙasa, sai dai maganin da yake jikinsu bai dace ya haɗu da abinci ko harawa ba.

Masu aikin da halin da ake ciki

A gidan gandu, gyaran rumbu hakkin maigida ne, 'ya'ya da ƙanne su ne hannu, ɗaga tsaiko kuma yakan buƙaci a kira maƙwabta, wani lokaci a yi ƙaramar gayya. Jinka tana da gwanayenta da ake biya. Idan gandu ya rabu bayan rasuwar uba, tsohon rumbu yakan zama na kowa, wato babu mai gyara shi, kuma rumbuna da yawa ta haka suke faɗuwa, ba don itacensu ya ƙare ba.

Masussukar inji, buhu da sito na bulo sun rage yawan rumbunan hatsi a garuruwan bakin hanya, tsoron sata kuma ya sa mutane da dama sun fi son hatsinsu a ɗaki mai kwaɗo. Rumfar harawa ce ba ta ragu ba, domin kiwon tumakin layya da shanun huɗa yana buƙatar ta, kuma harawar da ruwa ya doka baƙi take yi, dabba ta ƙi ci, mai saye ya ƙi taya. A ƙauyukan da suke nesa da titi, dawa a dami cikin rumbu mai tsayi da kyakkyawar jinka tana kaiwa wata kakar, wani lokaci ta wuce, ba tare da an sa mata magani ba.